Yadda ake gano dalilin da ya sa Go, harshen kwamfuta, ke cewa bai ga ƙunshi a rumbunsa ba

Wata Asabar bayan La'asar ɗan ƙanwata, wanda ya taso daga Tawa ya zo karatu nan Yamai, ya ƙetaro gada daga Harobanda ya same ni a gida. Ko ruwan da aka miƙa masa bai tsaya sha ba, ya zaro kwamfuta daga jaka ya aza a kan tabarma. Ya ce, “Kawu, abin nan ya gagare ni. Sau ukku ina sauke Go ina girkawa, forfe ɗina ya ƙare ƙaf, har yanzu magana guda yake yi mini.”

Ga maganar da ke kan allon:

main.go:5:2: package slices is not in GOROOT (/usr/lib/go-1.18/src/slices)

Na tambaye shi wace siga ya sauke, ya ce 1.22. Na ɗora yatsa a ƙarshen layin, daidai inda aka rubuta 1.18, na ce, “To wannan fa, wa ya kawo shi?” Ya yi shiru yana kallo. Kwana biyu ya yi yana dukan taiki ya bar jaki, alhali amsar tana gabansa tun daga farko. Abin ya tsaya mini a rai, domin na san da wahalar da mahaifiyarsa ke aiko masa da kuɗin intanet. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta hanyar da nake bi daki-daki, don duk wanda ya ci karo da wannan saƙo ya bincika tukuna kafin ya sake kashe ko dala.

Sai mu daidaita kalmomi kaɗan. Kwamfaila ita ce manhajar da ke juya abin da ka rubuta ya koma abin da na'ura ke iya aiwatarwa, aikin da zan riƙa kira harhaɗawa. Kowane harshen kwamfuta yana zuwa da nasa kayan aiki na gida, waɗanda ba sai ka nemo su a waje ba: na buga rubutu, na lissafi, na karanta fayil, na hulɗa da intanet. Wannan tarin kayan shi zan riƙa kira rumbu, kowane ɗauri a cikinsa kuma ƙunshi. A Go, harshen da Robert Griesemer da Rob Pike da Ken Thompson suka ƙirƙira a Google aka fito da shi fili a 2009, rumbun folda ce kawai mai suna src, tana zaune cikin inda aka girka Go ɗin, wurin da ake kira GOROOT. Tun daga siga 1.20 ma ba a haɗo ƙunsoshin rumbu a harhaɗe, daga cikin src ɗin nan ake gina su a kan kwamfutarka. In folda ɗaya ta ɓace a ciki, ƙunshinta ya ɓace ke nan.

Mataki na farko: karanta saƙon har ƙarshensa

Saƙon yana faɗin abu uku. Farkonsa yana nuna fayil da layin da ya nemi ƙunshin. Tsakiyarsa sunan ƙunshin ne. Ƙarshensa, wanda yawancin mutane ba sa kaiwa, hanyar da Go ya bi ya duba bai samu ba. Ɗauki biro ka rubuta ukun a takarda.

Lafazin yana canzawa da siga. Daga 1.20 zuwa baya za ka ga is not in GOROOT, daga 1.21 zuwa sama kuma is not in std. Ma'anarsu ɗaya, amma bambancin yana da amfani: in kana ganin ka girka sabon Go sai saƙon ya ambaci GOROOT, to tsoho ne ke amsa maka.

Akwai ƙa'idar da in ka riƙe ta, rabin ruɗanin ya tafi. Go yana duba kashi na farko na sunan ƙunshin da ka shigo da shi a layin import. In akwai ɗigo a ciki, kamar github.com, ya san kayan waje ne. In babu ɗigo, kuma sunan bai dace da na aikinka ba, sai ya ɗauka na rumbu ne, ya je can ya duba. Saboda haka saƙon ba shaida ba ne cewa rumbunka ya lalace. Abin da yake cewa kawai shi ne, an ba ni suna marar ɗigo, na duba rumbu ban gan shi ba.

Mataki na biyu: ko ma akwai ƙunshi mai wannan suna?

Wannan ba ya ɗaukar minti ɗaya. Buɗe taminal, wato tagar da ake buga umarni, ka rubuta:

go list std

Zai zubo maka sunayen duk abin da ke rumbun. Yawancin kuskuren masu koyo a nan yake: a rubuta http maimakon net/http, json maimakon encoding/json, rand maimakon math/rand ko crypto/rand, filepath maimakon path/filepath, ko hannu ya zame a rubuta ftm a wurin fmt. A cikin aiki kana kiran ƙunshin da guntun sunansa, amma a wurin shigo da shi cikakkiyar hanyarsa ake so.

In saƙon ya ce package main is not in std, to umarnin da ka buga ne bai cika ba. Ka rubuta go run main ka manta da wutsiyar fayil ɗin. Rubuta go run main.go, ko kuma go run . da ɗigo a ƙarshe, wanda shi na fi so domin yana kwasar duk fayilolin foldar.

Mataki na uku: ko ƙunshin naka ne?

A ce kana rubuta ƴar manhajar lissafin shago. Kana da foldar kasuwa, a cikinta akwai wata mai suna lissafi, sai ka shigo da ita da sunan lissafi kaɗai. Sunan ba shi da ɗigo, don haka Go zai wuce rumbu ya dawo ya ce babu. Modul shi ne aikinka gaba ɗaya a idon Go, fayil ɗin go.mod kuma shi ke ɗauke da sunansa. Tambayi Go wane fayil ɗin modul yake gani:

go env GOMOD

In ya nuna /dev/null, ko NUL a Windows, ba ka cikin modul ko kaɗan. Ko dai kana tsaye a foldar da ba ita ba, ko ba ka taɓa buga go mod init ba. In kuwa ya nuna maka hanyar go.mod, buɗe shi ka karanta layin farko. Idan an rubuta module kasuwa, to sunan da za ka shigo da shi kasuwa/lissafi ne, harafi da harafi. Na sha ganin wanda ya kwafo aikin abokinsa ya sauya sunan modul a go.mod, ya bar tsohon suna a sauran fayiloli.

Shawarata, ka ba modul ɗinka suna mai ɗigo tun farko, ko da example.com/kasuwa ne. Ranar da ka yi kuskure, saƙon da za ka samu ba zai tura ka zargin rumbu ba. Ka kuma buga go env GO111MODULE. Modul ya shigo Go a siga 1.11 cikin 2018, ya zama shi ne tsarin yau da kullum a 1.16 cikin 2021, amma tsofaffin darussan intanet har yanzu suna sa mutane su kashe shi. In ka ga off, goge shi da go env -u GO111MODULE, ka kuma duba ko an rubuta shi a fayilolin saitin taminal, .bashrc ko .profile.

Mataki na huɗu: wane Go ne ke amsa maka?

A nan zan daɗe, domin a nan matsalar ɗan ƙanwata take, kuma ita na fi cin karo da ita. Buga waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

go version
go env GOROOT
which -a go

A Windows, na ƙarshen where go ne. Na farko yana faɗin sigar da ke aiki, na biyu inda take ɗauko rumbu, na uku kuma yana lissafo duk Go da ke kan hanyar neman umarni, wato PATH, bisa jerin da ake bi. Wanda ya zo a sama shi ke amsawa, sauran suna zaune ne kawai. A kwamfutar yaron abin da ya fito ke nan:

/usr/bin/go
/usr/local/go/bin/go

Go biyu a gida ɗaya. Na saman ya zo ne ta apt, kayan girka manhaja na Ubuntu, tun ranar da ya girka Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux, wadda ke ɗauke da Go 1.18. Na ƙasan shi ne 1.22 da ya yi ta saukewa, kuma lafiyarsa lau tun karon farko. Shi kuwa ƙunshin slices sai a 1.21 ya shiga rumbu, cikin watan Agusta 2023. Tsohon Go bai yi ƙarya ba, a zamaninsa babu wannan ƙunshi.

Yadda abin ke faruwa yana da sauƙin ganewa. Layin da aka saba koya wa mutane shi ne export PATH=$PATH:/usr/local/go/bin, wanda ke sa sabon Go a ƙarshen jeri. In babu wani Go a na'urar, ba matsala. In akwai na apt a /usr/bin, shi za a fara tararwa. Su ma masu Ubuntu da Debian da gangan suke riƙe siga ɗaya tsawon rayuwar kowace fitowa don kada abubuwa su riƙa karyewa: Ubuntu 20.04 tana da 1.13, Debian 12 tana da 1.19, Ubuntu 24.04 tana da 1.22. Go kuma sau biyu yake fitowa a shekara, Fabrairu da Agusta, kuma sigogi biyu na ƙarshe kaɗai masu shi ke ci gaba da gyarawa. Dole na apt ya kasance a baya.

Yana da kyau ka san lokacin da ƙunsoshin da aka fi nema suka shigo. Su embed da io/fs a 1.16 suka zo, net/netip a 1.18. Siga 1.21 ce ta kawo slices da maps da cmp da log/slog a tashi ɗaya, shi ya sa sunayen nan huɗu suka fi yawa a irin wannan kuka. Sai math/rand/v2 a 1.22, iter da unique a 1.23 cikin Agusta 2024, sannan crypto/sha3 da weak a 1.24 cikin Fabrairu 2025. In sigarka ta gaza wadda ta kawo ƙunshin, ka gano ciwon.

Maganin iri biyu ne. Ko ka kori tsohon:

sudo apt remove golang-go
sudo apt autoremove

ko ka bar shi ka sa sabon a gaba, ta hanyar gyara layin da ke cikin .profile ya koma haka:

export PATH=/usr/local/go/bin:$PATH

Ni korar na fi so, don Go biyu a na'urar mai koyo rigima ce da za ta sake tasowa wata rana. Bayan kowanne, buga source ~/.profile da hash -r, domin bash, mai karɓar umarni a taminal, yana tuna inda ya taɓa samun umarni, sannan ka sake tambayar go version. Ka lura kuma, sudo, umarnin da ke ba ka ikon mai kula da na'ura, yana da tasa hanyar neman umarni daban, don haka sudo go build na iya kiran wani Go da ba wanda ka saba ba. Babu ma dalilin harhaɗa aikinka da sudo.

Wani abin dubawa a amsar go version: in ka ga kalmar gccgo a ciki, ba kwamfailar da aka saba ba ce, ta GCC ce. Wadda ke cikin GCC 12 da 13 rumbun Go 1.18 take ɗauke da shi, kuma ba ta fahimtar rubutun da ke aiki da nau'i iri-iri wanda slices da maps suka dogara a kai. Cire ta ka girka ta ainihi.

Mataki na biyar: GOROOT da aka ɗaure da hannu

Wani lokaci go version zai nuna sabuwar siga, amma hanyar da ke ƙarshen saƙon ta nuna tsohon wuri. Wannan alama ce cewa wani ya taɓa saita GOROOT da hannu, sabon Go yana ɗiba a tsohon rumbu. Akan ga wani saƙo ma tare da shi mai cewa does not match go tool version. Tun siga 1.9 Go yana gane gidansa daga inda aka kira shi, don haka kusan babu wanda ke bukatar saita GOROOT a yau. Nemo inda aka rubuta shi:

echo $GOROOT
grep -n GOROOT ~/.bashrc ~/.profile ~/.zshrc /etc/profile
go env GOENV

Na ƙarshen yana nuna fayil ɗin da go env -w ke ajiye saiti, wanda a Linux yakan kasance ~/.config/go/env. Mutane suna mantawa da shi domin ba ya tafiya ko an goge Go an sake girkawa. Goge layin duk inda ka same shi, ka buga unset GOROOT da go env -u GOROOT, ka rufe taminal ka buɗe sabuwa. A Windows ka shiga wurin saitin da ake kira Environment Variables ka duba. Tsofaffin sigogi a C:\Go suke zama, sababbi a C:\Program Files\Go, kuma saitin da ke nuna tsohon wurin yakan saura a baya.

Mataki na shida: ba kai ka nema ba, kayan wani ne

Koma ga takardarka ka dubi farkon saƙon. In fayil ɗin da ya nemi ƙunshin yana cikin go/pkg/mod, to wani kayan waje da aikinka ya dogara da shi ne ya yi gaba ya bar ka. Tsofaffin sigogi, kafin 1.21, ba sa tsayawa don go.mod ya nemi sabuwar siga. Suna gwada harhaɗawa, in ta ƙi sai su ƙara ɗan layi a ƙasa mai cewa note: module requires Go 1.21. Wasu lokutan kuma tun a go.mod suke tuntuɓe, su ce invalid go version ko unknown directive: toolchain. Duk ciwo ɗaya ne: Go ɗinka ya tsufa ga wannan aiki.

Daga 1.21 abin ya sauya. In go.mod ya nemi sigar da ta fi taka, Go da kansa yake sauko da ita ya yi aiki da ita, muddin go env GOTOOLCHAIN ya nuna auto. Wannan sauƙi ne, amma ga mu da muke ƙirga mega sai a yi hattara, domin kwamfaila sukutum zai sauko ba tare da ya tambaye ka ba. In kana kan intanet ɗin waya, go env -w GOTOOLCHAIN=local zai hana shi, sai ya faɗa maka sigar da ake bukata ka nemo ta lokacin da ka samu wifi. Akwai kuma tarko ɗaya: in go.mod ya ce go 1.21 amma rubutun ya shigo da unique, Go 1.22 ba zai sauko da komai ba, zai ce kawai babu unique. Gyara layin da go mod edit -go=1.23.0. Ka rubuta lambar da sifilinta na ƙarshe, domin wasu sigogin, in suka ga 1.23 kaɗai, sai su ce toolchain not available.

Mai aiki da Docker ya duba layin FROM golang a Dockerfile. Go ɗin da ke kwamfutarka ba shi ke aiki a cikin akwatin ba.

Mataki na bakwai: sai yanzu za a zargi girkin

In suna daidai ne, siga ta isa, GOROOT yana nuna inda ya kamata, amma ƙunshi irin fmt ko os ko errors ya ɓace, to rumbun ne ya samu rauni. Leƙa da idonka:

ls $(go env GOROOT)/src/fmt
cat $(go env GOROOT)/VERSION
df -h

A garin nan dalilan sanannu ne. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar warware fayil a kwamfutar da batirinta ya mutu, musamman a watannin zafi na Afrilu da Mayu. Intanet ya yanke, fayil ya sauko rabi. Faifai ya cika. Ko kuma an warware sabon Go a kan tsoho ba a goge ba, fayilolin sigogi biyu suka cakuɗe, abin da masu Go da kansu suka yi gargaɗi a kansa. A Debian da Ubuntu kuma kwamfailar da rumbun a ɗauri biyu suke, golang-1.18-go da golang-1.18-src misali, don haka mai share faifai da garaje yana iya taɓa na biyun.

Ga yadda ake girkawa mai tsabta. Fara da uname -m: x86_64 na nufin ka ɗauki amd64, aarch64 na nufin arm64, i686 kuma 386. Je go.dev/dl ka kwafi adireshin fayil ɗin, wanda nauyinsa ke kai wajen mega 70, ka sauke shi da wget -c. Wannan -c ɗin shi ke sa in intanet ya yanke a ci gaba daga inda aka tsaya. Da ɗan ƙanwata ya san shi, da bai yi asarar rabin abin da ya yi ba. Kafin ka taɓa komai, auna fayil ɗin:

sha256sum go1.22.0.linux-amd64.tar.gz

Kwatanta dogon jerin haruffan da wanda aka rubuta a gefen fayil ɗin a shafin. A Windows umarnin shi ne certutil -hashfile sai sunan fayil sai SHA256. In harafi ɗaya ya saɓa, fayil ɗin bai cika ba, kada ka girka shi. In sun dace:

sudo rm -rf /usr/local/go
sudo tar -C /usr/local -xzf go1.22.0.linux-amd64.tar.gz

Ka sa sunan fayil ɗin da ka sauke a wurin nawa, kuma ka karanta layin rm sau biyu kafin ka danna, domin ba ya mayar da abin da ya ci. In tar ya ce Unexpected EOF in archive, bai gama ba, kada ka yarda da abin da ya warware. In kwamfutar ta makaranta ce ko ta wurin aiki, ba ka da ikon sudo, warware shi a cikin ~/sdk ka sa hanyarsa a gaban PATH. Kada dai ka zuba shi a ~/go, don nan ne Go ke ajiye kayan waje da yake saukowa. A ƙarshe buga go clean -cache, sannan go build std. In ya gama shiru bai ce komai ba, rumbun gaba ɗaya lafiya yake.

In taminal ta yarda amma edita na ja

Yakan faru go build ya wuce lafiya amma VS Code ya ci gaba da ja wa layin jan zare yana cewa could not import. Editan ya riƙe tsohuwar hanya ne. Rufe shi gaba ɗaya ka buɗe, ka kira Go: Locate Configured Go Tools ka ga GOROOT ɗin da yake gani, ka cire go.goroot daga saitinsa in akwai. Ka kuma tabbata foldar da ke da go.mod ka buɗe, ba ta samanta ba.

Saƙon build constraints exclude all Go files kuwa wani abu ne daban. Ƙunshin yana nan, ba a yi shi don na'urarka ba ne. Misali syscall/js sai an sa GOOS=js da GOARCH=wasm yake harhaɗuwa.

Wanda ba zai iya sabuntawa ba

Wannan ya shafe mu sosai, domin kwamfutoci na hannu masu Windows 7 da 8 suna da yawa a hannun ɗalibai. Go 1.20 ita ce ta ƙarshe da ke aiki a kansu, daga 1.21 sai Windows 10 zuwa sama. Ma'ana mai Windows 7 ba zai taɓa samun slices a rumbunsa ba, komai yawan saukewa.

Akwai golang.org/x/exp, inda slices da maps da slog suka zauna kafin su shiga rumbu. Amma sababbin sigoginsa su ma sun koma dogara da ƙunsoshin rumbu na 1.21, don haka in ka ɗauko na ƙarshe za ka dawo kan kuskuren da ka gudu. Sai ka ɗaure shi a tsohuwar siga ta 2023. Kuma ba daidai suke da na rumbu ba: maps.Keys na can jeri yake mayarwa kai tsaye, na rumbu kuwa, wanda sai a 1.23 ya zo, abin bi ɗaya-ɗaya yake mayarwa. Ga ɗalibi mai ƙaramin aiki, na fi ganin ya yi amfani da sort, wanda ke rumbu tun Go 1.0 na 2012, ya rubuta ɗan madaukin neman abu da hannunsa, layi biyar ne. In na'urar za ta ɗauka, ya girka Linux a gefen Windows ɗin, sabon Go zai zauna a kai lafiya.

Abu ɗaya da ke kwantar da hankali a Go shi ne alƙawarin da masu shi suka yi tun 2012 cewa abin da aka rubuta da Go 1 zai ci gaba da harhaɗuwa, don haka sabuntawa ba ta ɓatar da tsohon ƙunshi. Ko io/ioutil da aka daina ba da shawarar amfani da shi tun 1.16 yana nan. Sauran harsuna ba haka suke ba: Python ya cire distutils a 3.12, Java ta cire javax.xml.bind a siga 11. A can, sabuntawar ce kan jawo ɓatan. Rust kuma in ya ce can't find crate for std, galibi rumbun na'urar da kake harhaɗa wa ne ba a girka ba, sai rustup target add. Tambayoyin dai ba sa canzawa: wace kwamfaila ke amsawa, wace siga ce, ina ta duba.

Mu koma kan tabarma. Mun cire Go na apt, mun gyara layi ɗaya a .profile, ya buga go version ta nuna 1.22, ya buga go run . aikin ya tashi kafin a zuba shayi na biyu. Bai sauke komai ba. Ya ce, “Kawu, ashe duk wahalar banza na sha.” Na ce masa ba banza ba ce tunda ga fayil ɗin nan a foldar saukewa har kwafi uku. Muka auna su da sha256sum, biyu suka dace, ɗaya guntu ne. Na sa ya goge guntun, ya kwafi mai kyau a kle ɗin USB tare da ƙaramin fayil mai ɗauke da lambar awon, sannan ya buga go mod vendor a cikin aikin don kayan wajen su ma su shiga foldar vendor, a iya harhaɗawa ba intanet. Su biyar ne a rukunin aikinsu, kuma ya ce uku daga cikinsu Ubuntu 22.04 ɗin nan suka girka daga kle guda, don haka ranar Litinin da which -a go zai fara a kwamfutar kowannensu.